Abin da Na Cire Daga Labarin Babana

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma a gidanmu ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai an shimfiɗa mini tabarma a tsakiyar mata. Ni ke riƙe da labarin gida: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya fara rufin kwano a unguwa. Wannan ma da kuke karantawa da bakina na faɗe shi, 'yata ce take rubutawa, kuma na ce kada ta gyara mini magana. Ba zan kira sunanta ba, 'yar fari ce. Tunda na ɓoye nata, sauran ma kowa ya riƙe nasa.

Labarin da aka fi nema a wurina shi ne na babana. Daga ƙasar Zazzau ya taho yana saurayi, ya zauna a Kwali tun ba a san za a gina birni a wannan yanki ba, ya zama dillali a kasuwa. Doya, dawa, tukwanen da matan Gwari ke ginawa, duk ta hannunsa suke bi. Dillalan lokacin in ciniki ya yi zafi sukan kama hannun mai saye su riƙe har a daidaita. Kowa yana yi, amma na babana daban ne. In ya kama hannunka, ka kamu. Mutum zai ce ya fasa, ya ja hannu, hannu ya ƙi fitowa, babana yana murmushi yana ci gaba da magana, har kunya ta kama mutumin ya saya. Baƙo ma in ya zo gaisuwa haka yake riƙe shi har a kawo ruwa. Mutane suka ce ba su taɓa ganin mai son jama'a irinsa ba. In ina ba da labarin nakan kama hannun wadda ke kusa da ni in nuna, mata su yi ta dariya. In na zo kan rasuwarsa sai in sassauta murya, in ce ya dawo daga kasuwa, ya zauna a gindin mangwaro, bai yi jinyar ko yini ɗaya ba, Allah ya karɓi abinsa cikin sauƙi. Wajen shekara hamsin ina faɗinsa haka.

Bayan rasuwar mai gidana na koma wurin 'yata a Lugbe. Ɗinki take yi, shagonta a gaban gida, yana kallon hanyar da masu babur ke bi. A nan na fara lura da almakashi. In ta yanka yadi ta gama, almakashin ba ya barin hannunta nan take. Sai ta tsaya tana kallon yatsunta suna buɗewa a hankali, wani lokaci ta sa ɗaya hannun ta ɓamɓare su. Da safe ya fi tsanani. In ta buɗe ta rufe sau da yawa sai hannun ya saki, ta yi aikinta. Ga barcin rana, a kan keken ɗinki sai ka ga kai ya sunkuya. Na yi mata faɗa ba sau ɗaya ba. Na ce lalaci ne, na ce a zamaninmu mace mai shekara arba'in da goyo take zuwa rafi. Takan ce, "To, Inna," ta ci gaba da abin da take yi.

Sai ta fara tuntuɓe a bakin ƙofa, silifas yana fita daga ƙafarta ba ta sani ba. Ranar da ta faɗi da tukunyar ruwan zafi, Allah ya tsare bai taɓa ta ba, na daina faɗa. Muka je wurin likita, shi ya tura mu wani babban asibiti a cikin gari, wurin likitar jijiyoyi.

Likitar yarinya ce a idona, daga wajen Filato, Hausarta irin ta kasuwa, tana yi tana cusa Turanci. Amma tana da ladabi, sai da ta rusuna ta gaishe ni. Ta sa 'yata ta dunƙule hannu ta buɗe. Ta ɗauki wata 'yar guduma ta roba ta ƙwanƙwasa tudun babban yatsa, yatsan ya lanƙwashe ciki ya tsaya can kamar an ɗaure shi. Ta dubi fuskarta, ta dubi fatar idonta. Sannan ta tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi. 'Yata ta ce a tambaye ni, ni ce na san kowa.

Na gyara zama. Na ce a danginmu babu mai cuta, mu masu ƙarfin hannu ne ma, na ɗauko mata labarin babana tun daga Zazzau. Tana saurare tana zana 'yan da'ira da 'yan akwatuna a takarda, tana ja musu layi. Da na zo wurin da mata ke dariya, ba ta yi ba. Ta ajiye biro ta ce, "Mama, in ya riƙe hannun mutum, shi ne ba ya son saki, ko hannun ne ba ya saki?"

Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Na ce ai duk ɗaya ne. Ta bar ni, ta koma tambayar ko ya yi sanƙo da wuri. Na ce tun ban yi wayo ba kansa a goge yake, ƙanena ma haka, mu a gidanmu alamar arziki muke ce masa. Ta tambayi shekarunsa da ya rasu, na ce bai kai sittin ba. Ta tambaye ni idona, na ce an cire mini yana tun autata tana firamare, ido biyun duka, ban da wannan ko ciwon kai ba na yi. Ta rubuta. Aka ɗebi jinin 'yata, ta roƙi nawa ma. Na ba da hannu don in nuna mata ba na tsoro. Ta ce sai an aika da shi nesa, za a daɗe.

An daɗe kuwa, har damina ta sauka. Da muka koma ta ce abin yana jikin 'yata, yana kuma jikina, nawa ne dai bai yi yawa ba, a ido kawai ya tsaya. Sunan cutar na Turanci ne, na ce 'yata ta rubuta shi a nan don mai nema: myotonic dystrophy. Ta ce ba kasafai ake ganinta a ƙasar nan ba, ko kuma ba kasafai ake gane ta ba.

Na ce ta yi mini bayani yadda zan gane, ni ba na karɓar magana a dunƙule. Ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Ta ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowanne da ƙuryarsa, a ƙuryar nan ake ajiye asalin umarnin da mutum ya gada daga uwa da uba. Shi suke ce wa DNA. Asalin ba ya fita waje. In ana son aiki sai a kwafi saƙo daga jikinsa a aika, saƙon kuma sunansa RNA. A wani wuri a cikin asalin akwai 'yar gajeriyar magana da take maimaita kanta. Kowa yana da ita, sau kaɗan. A namu ta maimaitu ta maimaitu har ta wuce misali. To in aka kwafi saƙo daga wurin nan, sai ya fito dogo, ya cukurkuɗe, ya kasa fita daga ƙurya, ya taru a ciki. Da ta juya wurin 'yata sai ta ce, a ƙuryar akwai ma'aikata kamar teloli, aikinsu su yanke sauran saƙonni daidai kafin a fitar da su. Wannan dogon saƙon yana manne musu ya riƙe su. Sai saƙon da zai gaya wa hannu ya saki ya fita ba a yanka shi daidai ba, haka na zuciya, haka na ido. Ta ce shi ya sa cuta ɗaya take taɓa wurare da yawa da ba ruwan wani da wani. Saƙon da kansa shi ne dafin.

Na juya bayanin a raina. Sai na ce mata na gane. Na ce kamar ranar biki ne, mata suna tsakiyar girki, sai wata baƙuwa ta tsaya a ƙofar madafa ta fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina yara, sannu, sannu, ta koma farko. Ba ta shiga ba, ba ta fita ba, kuma dole a tsaya a amsa mata. Ba ta saci komai ba, ba ta zagi kowa ba, amma tuwo ya ƙone, miya ba gishiri, ruwa ba a ɗebo ba. Likitar ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce haka ne, sai dai wannan baƙuwar ba ta tafiya. Ta ce yawanci gaisuwar tana ƙara tsawo daga iyaye zuwa 'ya'ya, shi ya sa na 'yata ya fi nawa. Wani lokaci kuma in ta hannun uba ta biyo takan ragu, mai yiwuwa abin da ya faru da ni ke nan. Kowane ɗa yana iya ɗauka, yana iya tsira. Magani mai raba saƙon da ma'aikatan ana nemansa, ba a kai ga ba mutane ba tukuna.

Sannan ta daina dariya. Ta ce abu biyu take so mu riƙe. A riƙa duba zuciya duk shekara, don tana iya tsayawa ba tare da ta ba da sanarwa ba. Na biyu, duk mai wannan abin kada a yi masa allurar barci ta tiyata sai likitoci sun san yana da shi, don numfashi yana iya ƙin dawowa da wuri, zuciya tana iya rikicewa. In sun sani suna da hanyar da suke bi. Ta rubuta takarda ta ba mu, ta ce a gaya wa dangi, musamman zuriyar babana.

Tun muna cikin mota hankalina ya tafi Gwarinpa. 'Yar ƙanena ta biyu tana aure a can, tana da shagon atamfa. An gano mata ƙari a mahaifa, an sa ranar aiki, saura kwana goma sha biyu. Ni da kaina na aika mata da addu'a a waya satin da ya wuce. Kuma na san fuskarta, doguwa, fatar ido a sauke, irin ta 'yata. Da, kamannin gida nake ce masa.

Ba a tsallake uba a je wa 'yarsa da magana irin wannan, ko da ita matar aure ce. Washegari na hau mota zuwa Kwali. Na sami ƙanena a zaure. Muka gaisa, matarsa ta kawo fura, na bari ya sha sannan na faɗa masa komai, har da baƙuwar madafa. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi bai ga cuta a jikinsa ba, yana noma, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ya ce likitocin yanzu in ba su samo wa mutum suna ba ba sa jin sun yi aiki. Na ce ba don shi na zo ba, don yarinyar da za a kwantar na zo. Sai ya fito da abin da ke ransa. Yana da 'yan mata uku a gida, ɗaya an kawo kayan gaisuwa. In magana ta fita cewa gidan nan akwai cutar gado, wa zai zo?

"Yaya, ke kika gina sunan Baba a garin nan," ya ce. "Yanzu ke za ki ce kuturta ce ta sa yake riƙe hannun mutane?"

Na ce ban ce kuturta ba. Ya ce mutane haka za su ji. Ya ce rai a hannun Allah yake, an yi wa mata dubu aikin nan sun tashi, kuma bai yarda in je wurin 'yarsa ba. Na ɗauki mayafina. Har bakin titi ya rako ni, don ba ya rasa ladabi.

Kwana biyu ina zaune a shagon 'yata ina ƙulla maɓallai. Ba maganar ƙanena ce ta dame ni ba. Tambayar likitar ce, ta hannun babana. Don na san amsarta tun a ranar. Ina da shekara bakwai ko takwas, ni nake kai wa babana ruwan alwala da asuba. In ya gama, butar ba ta barin hannunsa. Innata ce take zuwa ta durƙusa ta buɗe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta kallon fuskarsa, shi ma ba ya kallonta. In yana cin tuwo yakan shaƙe, sai an dafa masa baya. Shekararsa ta ƙarshe sau biyu yana faɗuwa a hanyar kasuwa, ya tashi ya ce jiri ne. Ranar mangwaron ma ba zama ya yi ba. Faɗuwa ya yi, ni na fara isa wurin. Ƙanena yana goye lokacin butar, bai san wannan ba. Abin da ya sani game da ubansa, daga bakina ya ji. Ni na zaɓi abin da zan faɗa, na bar sauran, don mutum mai daraja ne kuma ina so a san haka. Ban yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Murmushin gaskiya ne, son mutanen gaskiya ne. Ya sami hannu da ba ya saki, ya mai da shi sana'a, wannan ma wayonsa ne. Amma na yanke labarin a inda ya yi mini daɗi, har jikokinsa suka girma ba wanda ya san ya kamata ya tambayi komai.

Rana ta uku na ce 'yata ta ba ni takardar likita, ta tsayar mini da mota zuwa Gwarinpa. Ta ce ko ta raka ni, na ce a'a, in laifi ne ya tsaya a kaina.

Na sami yarinyar tana ninke atamfa. Ta yi murna, ta ce Gwaggo da kanta, yau shago ya yi albarka, ta aika a sayo mini lemo. Da aka kawo ta miƙa wa maƙwabciyarta ta buɗe mata kwalbar, ta ce hannunta ba ya son murfi. Na ce ta ja labule ta zauna. Na ce zan ba ta labarin kakanta. Ta yi dariya ta ce ai ta haddace shi, har ta fara kwaikwayon muryata. Na ce wannan ba ta taɓa ji ba.

Na faɗa mata butar. Na faɗa mata shaƙewar, da faɗuwar, da yadda na same shi. Ban yi murya ba, ban yi nuni da hannu ba, ban taɓa ba da labari maras daɗi kamar wannan ba. Sannan na ba ta takardar, ita ta yi makaranta, ta karanta da kanta. Ta daɗe tana kallon hannunta a kan cinya. Ta tambaya ko babanta ya sani. Na ce ya sani, ya hana ni zuwa, ba don ba ya sonta ba, yana tsoron abin da zai sami ƙannenta ne.

"To, Gwaggo, in na kai takardar nan, ai ya san ke ce."

Na ce ya sani mana, wa kuma zai zarga. Na ce ta kai.

Ta kai tare da mijinta. Likitocinta suka ɗage aikin, suka duba zuciyarta, suka yi magana da likitarmu ta jijiyoyi. Ba su jira gwajin jini ba, sun ce abin da suka gani a hannunta ya ishe su su yi shiri. Bayan wata guda aka yi aikin. Muna zaune a barandar asibiti, ni a wannan benci, ƙanena da matarsa a wancan. Da likitan allurar barci ya fito ya ce an gama lafiya, amma numfashinta ya yi jinkirin komawa daidai, za su riƙe ta a ɗakin kulawa kwana biyu. Ya ce dama sun shirya wa haka, shi ya sa ba su firgita ba. Ƙanena ya ji da kunnensa. Ya ce alhamdu lillahi, ya yi wa likitan godiya. Ni bai dube ni ba.

Ta warke, ta koma shagonta. Daga baya jinin ya nuna tana da shi. Ita ta gaya wa ƙannenta, ba ni ba, biyu sun je an duba su, ɗaya ta ce ba ta son sani, kuma wannan hakkinta ne. Wadda aka kawo wa kayan gaisuwa ta gaya wa saurayin da bakinta. Iyayensa suka yi sanyi, aka ja lokaci, har na ɗauka ya watse. Bai watse ba, amma ƙanena ya sha zarya da kunya kafin a daidaita, kuma bai manta wadda ta jawo masa ba. Shi har yau bai je an duba zuciyarsa ba. Wannan yana damuna fiye da fushinsa.

Kafin bikin yarinyar ya aiko matarsa Lugbe. Ta zauna tana murza bakin zane, ta ce Malam ya ce in zo, ni ce uwa, amma yana roƙo kada a yi labarin Baba a gidansa, ko tsohon ko sabon. Na ce ta gaya masa na ji, gidansa ne.

Na je. Na zauna a cikin baƙi a kujerar roba, ƙarƙashin rumfa, kusa da wasu mata daga dangin ango da ba su san ko ni wace ce ba. Suka tambaye ni ta ina na haɗu da amarya, na ce gwaggonta ce. Ta Gwarinpa ta kawo mini shinkafa da kanta, ta riƙo farantin da hannu biyu, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata har na gama. Shinkafar ta yi gishiri da yawa. Kafin in tafi na kira matar ƙanena gefe na faɗa mata maganar gishirin.